Jitar Baba Ilu da Kunnen Buba

Washegarin ranar da aka ba mu jiha, a watan Agustan 1991, ni ƙwaryar niƙa ce a kaina. Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, ƙasar Limawa ta jiƙe har tana kama ƙafa. Inna ta aike mu inji ni da Buba, ta ce kada mu kuskura mu tsaya a hanya, garin tuwon dare ne. Muna fitowa bakin titi muka tarar gari ya rikice. Masu babura na ta danna hon, mata na rangaɗa guɗa daga cikin gidaje, wani tsoho na taka rawa da rediyo a kafaɗa. Kowa faɗi yake Dutse ta zama babban birni. Ni shekarata tara, ban san me ake ci da babban birni ba. Abin da na gani shi ne wata a-kori-kura ta taho a hankali, a bayanta wani siririn dattijo a tsaye, ya rataya wani jan abu a kafaɗa, waya ta fito daga gindin abin ta shiga wani baƙin akwati, akwatin kuma an jona shi da batirin mota. Ya ɗaga hannu ya sauke a kan wayoyin. Wallahi a cikina na fara jin abin kafin ya iso kunnena. Ƙugi ya yi, sannan ya yi kuka, sannan dattijon ya buɗe baki da wata dusasshiyar murya ya fara waƙa da Hausa, Hausar nan tamu ta tsakar gida. Na tsaya baki buɗe har yayyafi ya sauko ya jiƙa dawar da ke kaina. Buba ya ja mini riga ya ce, "Lawan, mu tafi don Allah. Ai injin da za mu ma ya fi wannan daɗin ji."

Buban nan ɗan kawuna ne, wato taubashina, sa'ana kuma. Daga rugarsu ta wajen Kiyawa aka kawo shi gidanmu don ya yi makarantar boko, aka kuma ɗora masa kiwon 'yan shanun Inna na gado da ke ɗaure a bayan gida. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, kuma tun da Allah ya yi shi bai taɓa ganin abin da nake so ya ƙyale ni da shi ba sai ya kushe. Taubashi ne, ba dama ka kai ƙara. In ka kai ma dariya za a yi maka. Yaro ne marar hayaniya, dogo, mai fararen idanu, ba abin da ya dame shi sai shanu da fura. Aibinsa ɗaya a wurin manya shi ne fito. In ya kora shanu bakinsa ba ya hutawa, Inna ta yi faɗan har ta gaji, ta ce zai kira mana aljanu cikin gida, shi kuwa sai ya ce shanun ne ba sa tafiya sai da shi.

Dattijon kuwa ashe maƙwabcinmu ne, lungu biyu tsakaninmu, Baba Ilu mai gyaran rediyo. Na sha wucewa ta ƙofar zaurensa in gan shi sunkuye da tabarau a kan hanci yana ƙona dalma, ban taɓa sanin akwai wata rayuwa a bayan wannan ba. Daga baya na tattara labarinsa kaɗan-kaɗan, wani daga bakinsa, wani daga bakin masu zama a zauren. Yaron mota ya fara yi, mota ta yar da shi a Kano, ya faɗa hannun wasu makaɗa baƙi yana ɗaukar musu kaya, a nan ya koyi jita. Ya yi shekaru yana kiɗa a otal-otal da barikokin soja, Kano, Kaduna, Jos, irin kiɗan nan mai ƙugi da samarin wancan zamani ke kira rok. Akwai hotonsa manne a bango, suma ta yi tum, wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, ba ka ce shi ba ne. Har faifan garmaho ya yi. Abin da ya raba shi da abokan kiɗansa shi ne su waƙoƙin Turawa suke kwaikwayo, shi kuwa nasa yake tsarawa da Hausa, kuma bai taɓa yi wa mai kuɗi ko mai sarauta waƙa ba. Saboda haka maroƙa ba su ɗauke shi nasu ba, 'yan boko suna ganin bai waye ba, malamai kuwa ba a magana. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya tattaro jitarsa ya dawo gida ya buɗe gyaran rediyo.

Tun daga ranar a-kori-kurar nan na zama ɗan zauren Baba Ilu, ba tare da kowa ya gayyace ni ba. In na taso daga firamare, na ɗebo ruwa na cika randunan Inna, na yanko wa awaki ciyawa, sai zauren. In share, in kakkaɓe ƙura daga matattun rediyoyin da aka jibge har rufi, in riƙe masa waya yana liƙewa. Mahaifinmu, wanda masinja ne a ofishin ƙaramar hukuma, ya ce kiɗan 'yan otal ne, amma da ya ga ina koyon ɗaure waya sai ya kau da kai. Ladana shi ne kaset. Baba Ilu ya juye tsofaffin faya-fayensa a kaset, yakan ba ni aro ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in saci jiki in ɗauki rikodar yayanmu in tafi da ita gona lokacin tsaron gero. Ina kan rumfar kara ina jan igiyar gwangwanaye ina korar tsuntsaye, Baba Ilu na ƙugi a gefena. In kaset ya ƙare ba na yarda in mayar da shi baya da rikoda, batir zai sha. Biro nake zurawa in yi ta juyawa har hannuna ya gaji. A makaranta na ƙera tawa jitar da gwangwanin mai da sandar dalbejiya da wayar birkin keke. Lokacin hutun tara, yara na langa da ƙwallon tsumma, ni ina gindin bishiya ina fama, har wani malami ya ƙwace ta ya ce ta fi ƙarfin gurmi ba ta kai garaya ba.

Kai, mutumin nan ya iya waƙa! Har gobe ina faɗa, kuma duk mai gardama ya zo mu zauna. Akwai wadda ya yi a kan farin da aka yi tun ba a haife mu ba, inda yake matse waya ɗaya ya tura ta sama har ta yi kukan saniyar da ta rasa ɗan maraƙinta. Inna da ba ruwanta da kiɗa ta taɓa jin ta tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta kasa kunne har ta ƙare. Akwai ta direban da motarsa ta mutu a daji da azumi, wadda duk kiɗan ke tafiya yana tuntuɓe kamar injin da ke neman tashi, sai a baiti na ƙarshe ya kama, ka ji kamar kai ne ka tura motar. Akwai ta tsohuwar da ke ajiye wa ɗanta soja tuwo kullum. Ba ya ƙawata magana. Abin da kowa ke faɗa a bakin rijiya shi yake ɗauka ya ɗora a kan ƙugin nan, sai ka ji kamar yau ka fara jin sa. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce, a wasu wuraren ma karyewa take yi, kuma daidai inda take karyewar nan ne gashin jikina ke tashi. Kafin in gama firamare babu waƙarsa da ban haddace ba, har tarin da ya yi a tsakiyar wata na san inda yake.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baba Ilu bai daina tsara sababbin waƙoƙi ba, domin da ma'aikata suka cika gari bayan samun jiha, wani gidan saukar baƙi da ke wajen Yalwawa ya riƙa kiransa duk Asabar da yamma. Kuma yana da wata al'ada da ya ce tun yana Kano yake yin ta. Sabuwar waƙa ba ya kai ta gaban jama'a sai ya gwada ta a kunnen mutum ɗaya. Zai zaunar da mutumin ya kaɗa masa sau ɗaya tak, ba zai tambaye shi ko ta yi daɗi ba, zai sallame shi. Daga nan sai ya zuba kunne. In a 'yan kwanakin da suka biyo baya ya ji mutumin yana rera ta ko yana fitonta ba tare da ya san yana yi ba, waƙa ta rayu. In bai ji ba, ta mutu, ba zai sake taɓa ta ba ko da ya yi wata yana wahala a kanta. A Kano, in ji shi, wata mai wanke-wanke ce a otal kunnensa. A Dutse ya daɗe bai samu ba.

Ranar da ya gaya mini wannan, na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Wa zai ɗauka in ba ni ba? Wa ya san waƙoƙinsa kamata a faɗin Limawa? Na yi ta wanke kunne, a zahiri fa, da tsinke da ruwan ɗumi. Sai wata rana bayan azahar muna zaune, Buba ya koro shanu ta ƙofar zauren zai kai su gindin duwatsu, sanda a kafaɗa, yana fitonsa na banza da wofi. Baba Ilu ya ɗago kai, ya sauke tabarau, ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya ce, "Wannan ɗan wane ne?" Na ce ɗan kawuna ne, ba ya jin komai sai kukan shanu, shi ne ma ya ce injin niƙa ya fi jitarka daɗi. Na faɗa ne don in kashe maganar. Baba Ilu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Madalla. Gobe ka zo mini da shi."

Haba! Ni na kawo shi da ƙafata. Ni na jona batir, ni na goge jitar da tsumma, ni na shimfiɗa buzun da Buba ya zauna a kai yana ɓare gyaɗa. Aka kaɗa sabuwar waƙa, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa hawaye na neman zubo mini, shi kuwa gogan yana leƙen waje kada shanu su shiga gonar mutane. Da aka gama ya miƙe ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa ya ce, "Baba, in tafi?" Ko sannu bai ce ba. Bayan kwana biyu sai ga shi ya wuce da shanu yana fiton waƙar nan tiryan-tiryan, har da inda jitar ke lanƙwasa. Baba Ilu ya ajiye abin da ke hannunsa, ya rufe ido, fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa gani ba duk sharar da na yi masa. Ranar ko tuwo ban ci ba. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Kishi dai na yi shi, ba na ɓoyewa, irin wanda ke hana ka barci. In na ga Buba yana barci baki buɗe sai in tsaya ina kallon kunnuwansa, manya-manya masu kama da marfin tukunya, ina cewa me ke cikinsu da babu a nawa. Shi kuma da ya gano inda ke mini ciwo sai ya samu abin wasa. Muna cin abinci sai ya karkato kai ya ce, "Lawan, ɗan hura mini kunnen nan, Baba Ilu na nemansa gobe." In na kai masa duka Inna ta ce ni ne marar haƙuri, wa ke fushi da taubashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai san ma darajar abin ba. Tambaye shi sunan waƙa ɗaya, bai sani ba. Baba Ilu kan ajiye masa rake ko dabino, ya karɓa ya cinye a hanya, wani lokaci ma sai an aike ni na nemo shi a fadama yana cewa shi fa ya gaji da zaman jin ƙara.

Ina aji ɗaya a sakandare na yanke shawarar nuna wa Baba Ilu kunnen da ya yi asara. Aka kaɗa wa Buba wata sabuwa, mai sanyi, a kan matar da ke jiran mijinta ɗan ci-rani. Ni daga bakin ƙofa na kwashe ta tsaf, sau ɗayan nan ya ishe ni. Washegari tun da sassafe na fara. Na yi fitonta a bakin rijiya, na rera ta ina share turken awaki, na rera ta a kunnen Buba muna tafiya makaranta har ya ce zai jefe ni. Da aka tashi na bi ta ƙofar zauren Baba Ilu a hankali, ƙirji a gaba, ina rera ta da baitocinta ba tuntuɓe, na kai ƙarshen lungu na juyo na sake wucewa. Ina jira ya rufe ido fuskarsa ta yi hasken nan.

Kirana ya yi. Ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Ya ce tun yaushe nake rera ta, na ce tun asuba, ina murmushi. Ya ce a gaban Buba? Na ce har ya gaji da ji. Ya dafe kai. Sannan ya ce, "Ka kashe mini ita, Lawan. Yanzu ko ya yi fitonta, ta ina zan san waƙar ce ta kama shi ko kai ne ka ɗura masa?" Na ce to ai ga ni, ni ta kama ni, me ya sa ni ba za a gwada a kunnena ba? Ya dube ni, ya sassauta, ya ce, "Kai ko tari na yi haddacewa kake. Wanda yake so na, ɗan nan, ba ya jin waƙata, ni yake ji. Me zan yi da kunnenka?"

Har yau ban ga laifina ba, kuma har yau maganar nan tana nan a raina. Wato son da nake masa shi ne ya kore ni. Da na ƙi shi kamar Buba, da ni ke kan buzu. Na yi fushi na ɗauke ƙafa, na ce ko hanyar ban ƙara bi. Fushin bai kai Juma'a ba na koma da tsintsiyata, domin wa zan yi wa? Waƙar ɗan ci-ranin kuwa bai sake kaɗa ta ba, kuma daga ranar ya kafa mini doka: duk ranar gwaji sai ya ɗora mini tsohon batir a keke ya ce in kai caji tasha, kada in dawo sai ya cika. Haka na yi shekaru ina zaune a gaban mai caji, ƙudaje na bina, na san can a Limawa ana kaɗa wa mai kunnen marfin tukunya abin da ni zan ba da hannuna ɗaya in ji. Waɗanda suka rayu nakan ji su a bakin Buba kafin Asabar, a gutsuttsure, cikin kukan shanu. Waɗanda suka mutu kuwa ban san adadinsu ba. In na tambaye shi yaya ta jiya take, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ƙara ce dai irin ta kullum."

Amma ranar Asabar tawa ce, wannan kam Buba bai ƙwace mini ba, don ko an ja shi ba ya zuwa. Ni ke ɗaukar akwatin sifika a kai har Yalwawa. In Baba Ilu ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidan, ya sa tsohuwar jar hularsa, ma'aikatan da suka baro iyalansu a Kano suka zagaye shi a kan kujerun roba, sai tsufan ya sauka daga jikinsa. Yana gama kiɗa kafin magariba ya naɗe waya ya nufi masallaci. Dole in faɗi gaskiya ko da ɗaci: duk waƙar da ta bi ta bakin Buba, in aka kaɗa ta a nan sai ka ga manyan mutane sun yi tsit, wani na share ido da hula. Kunnen banzan nan bai taɓa kuskure ba, abin da ya ƙara mini haushi ke nan.

Da shari'a ta zo a shekarar 2000, mun yi murna, har da ni, har da Baba Ilu; tare muka je taro muka yi kabbara har murya ta dushe. Ba wanda ya zo ya karɓe masa jita, ba wanda ya ce masa uffan. Abin a hankali ya zo. Gidan saukar baƙin ya aiko cewa a dakata tukuna. Masu zama a zaure suka fara cewa ai girma ya kama shi, ya kamata a huta. 'Yarsa da ke aure a Yalwawa ta zo ta yi masa kuka, ta ce ana yi mata gori a gidan miji. Bai yi musu da kowa ba. Ya sassauta wayoyin jitar, ya naɗe ta da tsohon zane, ya tura ta ƙarƙashin gado, ya cire hoton nan mai suma daga bango. Ya ce mini, "Na yi nawa, Lawan. Allah ya yafe mana abin da muka yi ba daidai ba." A lokacin gari ya riga ya cinye burtalin da Buba ke bi, gidajen ma'aikata sun tsaya a inda shanu ke kiwo, an mayar da shanun Inna Kiyawa. Buba ya zama saurayi, yana acaɓa da babur ɗin wani.

Bayan kamar shekara biyu, da rani, ciwon ƙafa ya fara kwantar da Baba Ilu, ni nake riƙe masa gyaran rediyon. Wata rana da hantsi ya leƙo zaure yana dogara sanda ya ce, "Je ka nemo mini taubashin nan naka." Na san ma'anar wannan aike, na kuma san tsawon lokacin da ya yi bai taɓa jita ba. Na samo Buba a bakin kasuwa, ya ce shi yanzu yana da fasinja, sai da na yi masa magiya, ni, ni nake roƙonsa ya zo ya karɓi abin da nake mutuwar so. Na yi zaton yau kam za a bar ni, tunda babu batirin da za a kai caji. Ina! Baba Ilu ya shige da shi can ɗakin ƙurya ya saki labule, ya ce in kula da zaure. Bai jona sifika ba saboda maƙwabta. Ita kuwa jitar lantarki in ba a jona ta ba, sautinta bai fi na sauro ba. Na bar zauren, na je na manna kunnena a bangon ɗakin, ƙato da ni, har ƙasa ta shiga mini kunne. Ban ji komai ba sai kukan kurciya a kan dabino. Da Buba ya fito na tare shi a lungu na ce yaya? Ya ce, "Tsohon nan ya rame fa," ya buga babur ya tafi.

Baba Ilu ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar zaure. Kullum yana nan daga hantsi har la'asar, wai yana shan iska. Buba kan wuce a kan babur, ya ɗaga hannu ya ce sannu Baba, ƙarar inji ta tafi da shi. Wa ke fito a kan babur? Ko ya yi, wa zai ji? Na gaya wa Baba Ilu haka, na ce gwajin nan ba adalci a cikinsa, yaron nan ba shanu a gabansa yanzu. Na durƙusa har ƙasa na ce ya kaɗa mini ita ko sau ɗaya, ba don gwaji ba, don Allah kawai. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Da ta isa, da ta sami hanyar fita daga bakinsa. Bar ta." Ranar da ya sa aka mayar da kujerar ciki, na zagaya bayan gida na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Damina ba ta kai ƙarshe ba ya rasu. Ni da Buba muna cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Buba yanzu dillalin shanu ne a Kiyawa, ya yi tumbi, yana da jikoki. Bara na je masa barka da sallah, muna zaune a rumfarsa ana dama mana fura, na daure na sake tambayarsa. Na ce ya bar wasan taubashi, mun tsufa, ya tuna mini ko layi ɗaya. Ya yi ta ƙoƙari, na ga da gaske yake, har ya murtuke fuska ya tura leɓe kamar zai yi fito, iska kawai ta fito. Ya ce, "Wallahi tallahi, Lawan, ta tafi. Na dai tuna kamar a kan wani yaro ce mai share zaure, don na ji yana ta ambaton tsintsiya. Ina jin har sunanka ya faɗa a ciki, ko kuwa wani Lawan ɗin ne, oho." Ya ɗauki ludayi ya ci gaba da shan furarsa. Na dube shi, na dubi kunnuwan nan, wallahi da ba a gaban jikokinsa ba ne da na shaƙe shi.

Yanzu yarana kowace waƙa suke so tana cikin waya, ta jiya da ta shekara hamsin, ko atishawa mawaƙi ya yi sai wani ya ɗauka ya ajiye. Tsofaffin kaset-kaset ɗin Baba Ilu ma na sa an juye mini su, ina ji a mota in zan tafi aiki, yaran na cewa Baba ya kunna injin niƙansa. A wancan lokacin waƙa ba ta da wurin zama sai kan mutum, kuma mai ita ne ke zaɓar kan da zai ajiye ta. Zauren an rushe shi an yi shagon sayar da katin waya, in na bi ta lungun nakan rage tafiya ba tare da na san dalili ba. Ni aka yi wa waƙar, Buba ne ya ji ta.